Aman Sadik Ba Tumbuɗi Ba Ne

Sadik shi ne ɗana na fari. Na haife shi a Dutsin-Ma cikin damina, inda mijina Malam Kabir yake koyarwa a makarantar sakandare. Sunan mahaifin Malam ya ci, Abubakar, shi ya sa muke ce mashi Sadik. Washegarin suna aka ɗauke mu zuwa gidanmu a Barkiya, ta ƙasar Kurfi, don in yi wankan jego wurin Inna kamar yadda aka yi wa yayyena. Sadik ya rayu, yana nan lafiya. Na faɗi haka tun farko don mai karatu ya kwantar da hankali ya saurari yadda abin ya faru, domin hanyar da muka bi ita nake so a gani.

A wurinmu mace ba ta nuna ɗokin ɗan fari. Ba ki kiran sunanshi, ba ki yi mashi wasa gaban manya, in ya yi kuka kina jira a ce ki ɗauke shi. Da haka na tashi, kuma da haka na shiga jego. Inna ce ke mashi wanka, ita ke goya shi. Gwaggo Tabawa, yayar Baba, wadda duk haihuwar gidanmu ta hannunta take bi, ita ke dafa mani ruwan wanka safe da yamma, ta tsare ni sai na shanye kwanon kunun kanwa. Aikina kawai in ba da nono in kawar da kai.

Mako na biyu ya wuce kamar na kowane jariri. In ya sha ya ƙoshi sai ɗan nono ya zubo ta gefen bakinshi, Inna ta goge da bakin zane. Wani lokaci ya riƙa naɗe ƙafafu yana kuka, cikinshi ya yi tauri, sai Gwaggo ta kifa shi a cinyarta tana shafa bayanshi har ya yi gyatsa ko ya saki iska, ya yi barci. Suka ce wannan shi ne tumbuɗi, kuma yaron da ke tumbuɗi ƙiba zai yi. Gaskiyarsu ne a lokacin. Abin da yake yi a makon nan tumbuɗi ne.

Yana da kwana goma sha tara abin ya canza. Da hantsi ne, ina zaune bakin gado, na gama ba shi nono ke nan na ɗaga shi. Sai nonon ya fito da ƙarfi, ya tsallake cinyata ya faɗa kan tabarma. Ban taɓa ganin jariri ya yi amai mai nisa haka ba. Abin da ya fi ba ni mamaki, yana gamawa sai ya hau neman nono da baki, yana tsotsar hannu kamar wanda ya wuni bai ci ba. Na sake ba shi, ya sha da zafin nama, aka jima kaɗan ya sake dawo da shi.

Inna ta ce ya cika zari ne, yana sha fiye da cikinshi. Gwaggo ta ce maiƙon nonona ne ya yi mashi yawa, ta rage mani nama, ta ƙara wa yaron dauri. Amma daga ranar na fara lura a ɓoye. Da ana shanya nafkin ɗinshi igiya ta cika, sai na ga kullum suna raguwa. Kashi sai ya kwana biyu bai yi ba, in ya yi ma ɗan kaɗan. Aman kuwa ya tashi daga sau biyu a wuni ya koma kusan kowane sha, wani lokaci ya fito guda-guda kamar kindirmo, yana tsami.

Na kira Malam a waya na gaya mashi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce su Inna sun raini yara da yawa, mu kuwa wannan ne na farkonmu, in bar masu. Na ji zafin maganar nan, amma ban ga laifinshi sosai ba. Bai ga aman da idonshi ba, kuma duk wanda bai gani ba tumbuɗi yake zato.

Cikin mako na huɗu Gwaggo ta ce a gwada nonon. Ta sa na tatsa cikin ludayi, ta kamo tururuwa ta jefa ciki, muka zuba ido. In ta mutu nonon ba shi da kyau, sai a cire yaron a koma ba shi na akuya. Tururuwar ta yi ta fafutuka har ta kama bakin ludayin ta fita. Gwaggo ta ce to nono dai lafiyarshi lau, sai a nemi wani dalilin. Ban san abin da zan yi ba da ta mutu. Na dai san a zuciyata na riga na yanke cewa ba wanda zai cire mani shi daga nono.

A makon ne na roƙi Inna mu kai shi asibiti. Ban ce don hankalina ya tashi ba ne, cewa na yi Malam ne ya ce a kai shi. Ƙarya na yi, Allah Ya yafe mani. Gwaggo ta yi ta faɗa wai mai jego ba ta fita kafin arba'in, sanyi zai shige ta, amma Inna ta goya shi muka hau babur zuwa wani ƙaramin asibiti a wajen Kurfi. Mun samu mata cike da benci, sai bayan azahar aka zo kanmu. Ma'aikaciyar mai kirki ce. Ta sa na ba shi nono a gabanta, ya sha ya yi lamo, ko ɗigo bai dawo da shi ba. Ta koya mani in riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, in ɗora shi a kafaɗa sai ya yi gyatsa, kada in kwantar da shi da zarar ya gama sha. Ta ce yawancin jarirai haka suke, yana wucewa da kanshi, amma in ya daina fitsari a dawo da shi. Sikelinsu ya lalace, ba a auna shi ba. Har yau in na tuna sikelin nan raina yana ɓaci, don da an ɗora shi a kai ranar da an ga abin da nake gani. Ba mu kai gida ba ya wanke wa Inna baya da amai.

Na bi duk abin da aka koya mani. Na riƙa ba shi kaɗan, in tsaya da shi a kafaɗa har hannuna ya sage. Mai kemis ya aiko da maganin kumburin ciki na kwalba, aka ba shi. Aka karɓo rubutu, aka ba shi. Duk abin da ya shiga sai ya fito. Fatar cinyarshi ta fara tattarewa, idanunshi suka zurma, maɗigarshi ta faɗa har kana iya ganin ramin daga nesa. Kukan ma ya rage ƙarfi. Inna ta ce ga shi nan ya fara natsuwa, ni kuwa na san ƙarfin kukan ne babu.

Wata rana da la'asar, su Inna suna tsakar gida suna gyaran wake, na kwance mashi riga bayan ya sha. Sai na ga wani abu yana tafiya ƙarƙashin fatar cikinshi, daga hagu zuwa dama, ya ɓace, wani ya sake tasowa. Na tuna yadda ya ƙi yin aman gaban ma'aikaciya. Na jingina wayata da kwalla na kunna bidiyo, na sake ba shi nono. Ta ɗauki motsin cikin, ta ɗauki aman tun fitowarshi har inda ya sauka. Na tura wa Malam. Bai amsa da rubutu ba, kira ya yi, muryarshi ta canza. Ya ce ranar Asabar zai zo ya roƙi su Inna a ba shi mu. Ranar Talata ce.

Washegari da safe, yaron na da kwana talatin da uku, na ji Gwaggo tana gaya wa Inna ta aika a kira wanzami. Ta ce ciwon a ciki yake, sai an yi mashi tsaga a fitar da mugun jini, a kuma shafa wa maɗigar magani. Tun jiya da yamma nafkin ɗaya ne a jikinshi, kuma a bushe yake. Na ɗauke shi na fito tsakar gida, abin da ban taɓa yi ba. Na tsaya gabansu na ce, “Inna, ba za a tsaga shi ba. Asibitin Dutsin-Ma zan kai shi, yau.”

Gwaggo ta ajiye abin da ke hannunta ta dube ni. Ta ce, “Hafsatu, ɗan farin naki kike wa wannan rawar jikin? Mi aka mai da mu cikin gidan ga?”

Na ce, “Gwaggo, ki yi haƙuri. Mutuwa yake yi ina kallo.”

Inna ta sunkuyar da kai. Ban taɓa mayar wa Gwaggo magana ba tun da aka haife ni. Baba yana zaure zai tafi gona, ashe ya ji. Ya shigo da fartanya a kafaɗa, ya jingine ta, ya miƙo hannu na ba shi yaron. Rabon da ya ɗauke shi tun ranar da muka zo. Ya ɗaga shi a tafin hannu biyu kamar mai auna hatsi, ya daɗe yana kallonshi. Sai ya ce wa Gwaggo, cikin ladabi don yayarshi ce, yaron nan bai kai nauyin da ya zo da shi ba. Ya ce da ni in sa hijabi. Ya fito da babur ɗinshi.

An yi ruwa, hanya duk taɓo. Sau biyu na sauka na taka da ƙafa, yaron a ƙirjina cikin hijabi, Baba yana tura babur. Gero ya yi tsawo hagu da dama, ba ka ganin kowa. Duk 'yan taku sai in sa yatsa bakin hancinshi in ji ko yana numfashi. Da muka hau kwalta na kira Malam, ya bar aji ya riga mu zuwa asibiti ya yanki kati.

Layin ranar ya kai har baranda. Na zauna kaɗan, na ga ba zan iya jira ba. Na tashi na tare wata nas da ke wucewa, na buɗe mata fuskarshi, na kunna mata bidiyon. Ba ta gama kallo ba ta kama hannuna ta shigar da ni. Wasu a layi suka yi gunaguni, ban waiwaya ba. Likitan matashi ne. Ya kalli bidiyon sau biyu, ya sa aka auna yaron, ya gwada da abin da ke rubuce a katin haihuwa, ya girgiza kai. Ya daɗe yana lalube cikinshi da yatsu a hankali, har ya ce ya ji wani abu kamar ƙwallon dabino a sama da cibiya. Da Malam ya ce mashi an ce tumbuɗi ne, sai ya ce, “Tumbuɗi zubowa yake, wannan harbowa yake. Mai tumbuɗi yana ƙiba yana fitsari. Wannan yunwa da ƙishirwa ke cin shi da nono a baki.”

Ya yi mana bayani cewa naman da ke bakin tumbi, inda nono ke wucewa zuwa hanji, shi ne ya yi kauri ya toshe hanya. Ya ce ba nonona ba ne, ba kuma wani abu da na ci ko na yi ba. Ya rubuta sunan ciwon da Turanci, har yau ban iya faɗar shi daidai ba. Maganinshi tiyata, kuma sai Katsina. Suka sa mashi ƙarin ruwa tukuna. Sai da suka soke shi wuri huɗu kafin su samu jijiya, don duk sun ɓuya. Ko kuka bai iya yi sosai ba.

A Katsina hoton ciki ya tabbatar da maganar likitan. Na zaci a ranar za a yi aikin, sai suka ce jininshi ya rikice saboda yawan amai, in aka ba shi maganin barci a haka zai iya ƙin farkawa. Sai an gyara da ƙarin ruwa. Suka zura mashi roba ta hanci, suka hana ni ba shi nono ko kaɗan. Kwana uku muka yi a haka. Wannan ne ya fi mani wuya cikin jinyar duka. Yana juyo da baki wajena yana nema, nono ya cika mani ƙirji har zazzaɓi, ni kuwa sai dai in fita bayan ɗaki in tatse in zubar. Kullum a ɗebi jini, kullum a rubuto abin da za a sayo a waje, Malam ya yi ta sintiri tsakanin ɗakinmu da kemis har ƙafarshi ta kumbura. Wata nas takan yi mana tsawa kamar mu muka ɗora wa yaron ciwon, wata kuma in ta zo aiki sai ta fara leƙa mu kafin ta ajiye jaka.

A rana ta biyu Inna ta iso, da fulas ɗin ruwan zafi da kunu. Ba ta ta da maganar abin da ya faru a gida ba, ni ma ban tayar ba. Ta tsaya kan gadon ta daɗe tana kallon robar hancinshi, sannan ta ce in je in watsa ruwa, ita za ta zauna. Daga ranar ita ta riƙe mu. Ita ke gasa mani jiki a banɗakin asibiti, ita ke riƙe hannunshi kada ya tuge allura.

Da aka kawo takardar da za a sa hannu, sai Malam ya tsaya. 'Yan'uwanshi sun yi ta kiranshi a waya suna cewa ba a yanka jariri ɗan wata guda, a dawo da shi gida a ci gaba da addu'a. Ya fito da ni baranda ya tambaye ni ko mu ƙara jira. Na ga tsoro ne a idonshi, irin wanda ke cikina. Na ce, “Malam, addu'a ba mu daina ba. Amma na gwada jira, kwana goma sha huɗu na yi ina jira. In ba ka sa hannu ba zan roƙe su su karɓi nawa.” Ya share fuska da hula, ya koma ya sa hannu.

Da safe suka shiga da shi. Nas ta karɓe shi daga hannuna a bakin ƙofa, ba shi da nauyin kirki. Na zauna a ƙasa ina ta salati, Inna na gefena da carbi. Ba a daɗe kamar yadda na zata ba likita ya fito ya ce an gama, ya farka. Yankan ɗan ƙarami ne, bai kai tsawon ɗan yatsana ba. Bayan wasu sa'o'i suka ce in tatsa a ba shi cokali biyu. Ya sha, muka zuba ido. Bai dawo ba. Washegari ya yi amai sau biyu, amma suka ce haka ake yi, tumbin ne bai gama sabawa ba. A rana ta uku na sa shi a nono ya sha ya ƙoshi, ya yi gyatsa, ya yi barci da hannu a sake. Da na taɓa nafkin na ji shi sharkaf, sai na fashe da kuka. Inna ta yi kamar ba ta gani ba.

Cikin wata guda ya murmure har maƙwabtanmu a Dutsin-Ma ba su gane shi ba. Ya ci gaba da ɗan tumbuɗi irin na kowa har ya fara zama, kuma ban ƙara tsorata da shi ba, don yanzu na san bambancin. Ina godiya ga Baba, da nas ɗin da ta tsallakar da ni layi ban ko san sunanta ba, da likitocin da Allah Ya sa a hannunsu. Gwaggo ta yi wata biyu ba ta yi mani magana. Da na je Barkiya na durƙusa na ba ta haƙuri kan yadda na yi maganar, ban ba ta haƙuri kan tafiyar ba. Ta karɓi yaron ta duba tabon, ta ce aikin ya yi kyau. Iyakar abin da muka ce ke nan.

Abin da nake so mata su riƙe ba shi da yawa. Tumbuɗi ba ciwo ba ne, kumburin ciki ma yakan wuce da gyatsa da haƙuri, kada kowace uwa ta firgita don ɗanta ya zubo da nono. Amma in aman yana fita da ƙarfi bayan kusan kowane sha, yaro yana ramewa, fitsari yana raguwa, maɗiga ta faɗa, to ba na jira ba ne. Likita ya ƙara mani da cewa in aka ga amai kore ko da jini, wannan ma a ranar ake tafiya. A matsa a auna yaro, in sikelin wuri ya lalace a nemi wani wurin.

Kwana biyu kafin a sallame mu aka kawo wata mata gadon da ke kusa da namu. Hure sunanta, daga wata ruga bayan Karofi. Ɗanta ya girmi nawa da mako uku, ciwo iri ɗaya. Ban taɓa ganin jariri ya bushe haka ba. Suka yi ta fama da shi, ƙarin ruwa bayan ƙarin ruwa, ana jiran jininshi ya daidaita a shiga da shi. Nakan riƙe mata shi in za ta yi salla. Safiyar da za mu tafi, ina naɗe kaya, ɗan nata ya cika. Ba ta yi kururuwa ba. Ta rufe shi da zanenta, ta zauna tana jiran mijinta ya samo mota. Na je na zauna kusa da ita. Ita ce ta yi magana. Ta tambaye ni kwana nawa nawa ya yi yana aman kafin in kawo shi, na gaya mata. Ta gyaɗa kai.

Ta ce, “Ni ma na gani tun farko. Ban dai faɗa da ƙarfi ba.”

Mijinta ya leƙo ya ce mota ta samu. Na riƙe mata ƙullin kayanta har bakin ƙofar asibiti, ita tana rungume da gawar ɗanta. Ba ta da waya, ban sake jin labarinta ba. Saboda ita na zauna na rubuta wannan.